Fatsa a kayak karo na farko: yadda wani ya kife a Tiga da yadda aka gyara lamarin

## Mutumin, ruwan da jirgin

Wanda wannan nazari ya shafa ma'aikaci ne mazaunin Kano, shekararsa 38, nauyinsa kilo 82, kuma ya iya iyo daidai gwargwado, kamar mita 50 ba tare da hutawa ba. Ya shekara tara yana fatsa daga gaɓa, galibi ranar Asabar, a madatsar ruwa ta Tiga da ke kudu da birnin Kano, tafiyar kusan kilomita 70. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano, kuma in ta cika ruwanta kan mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. Daga nan ake sakin ruwan noman rani zuwa Kadawa da Kura. Shi ya sa da rani ya yi nisa ruwan ke ja da baya, ya bar taɓo a baki, kawunan duwatsu da kututturan itatuwan da ya haɗiye tun farko su fara leƙowa.

Jifansa daga gaɓa bai wuce mita 35 ba, abin da yake samu kuma ƙananan karfasa ne da kawara. Masunta masu kwale-kwale kuwa suna dawowa kwata da ragon ruwa da manyan tarwaɗa, waɗanda suke kamowa a gindin duwatsu da kututture, mita 250 zuwa 300 daga gaɓa. Can yake son kaiwa.

A watan Nuwamba ya sayi kayak na gwanjo daga Legas. Kayak ƙaramin jirgi ne na mutum ɗaya, da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne mazauna ƙasashen ƙanƙara na Alaska da arewacin Kanada, waɗanda ke lulluɓe ƙirar itace ko ƙashi da fatar dabbar ruwa. Na yanzu da roba ake zuba su. Nasa irin wanda ake zama a samansa ne: cikinsa rufaffen kogo ne mai iska, wurin zama kuma yana da ramuka shida da suka zarce har ƙasa don ruwan da ya fantsamo ya tsiyaye da kansa. Tsawonsa mita 3.3, faɗinsa santimita 78, nauyinsa kilo 27, kuma an rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar kilo 150. Ya zo da filafili mai santimita 210 da rigar ceto guda.

## Fita ta farko: Asabar ta farko a Disamba

Ya shiga ruwa ƙarfe 10:30 na safe, shi kaɗai, bai taɓa zama a kayak ba kafin ranar. Ya loda kular ƙanƙara mai kilo 16, dutsen anga (na tsayar da jirgi wuri ɗaya) mai kilo 9 da igiya mita 6, akwatin ƙugiyoyi da darma kilo 6, sandunan fatsa uku, da abinci da ruwan sha. Da shi da kayan sun kai kilo 120, wato kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta wa jirgin.

Iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, gaɓar da ya tashi kuma a wannan ɓangaren take, don haka iskar a bayansa take. A bakin ruwa, inda tudu ya kare, ruwan kwance yake luf. Cikin minti goma ya kai inda yake so, ya saki dutse, ya duƙufa ɗaura koto. Zurfin wurin ya fi mita 6, dutsen bai taɓa ƙasa ba, yana reto ne kawai a ƙarƙashin jirgin. Ya yi minti 25 kansa a sunkuye yana warware zaren sanduna biyu da suka sarƙe. Da ya ɗago, gaɓa ta dusashe cikin hazo: iska ta tura shi kusan mita 900.

Komawar kilomita 1.2 ta ci masa awa ɗaya da minti 20. Filafilin ya yi wa faɗin jirgin gajarta, yatsunsa na bugun gefe, kuma da ƙarfin damtse yake ja, kafaɗunsa suka gaji tun kafin rabin hanya. Kular da ke tsaye a baya ta zama abin da iska ke kamawa tana karkatar da hancin jirgin. Ya fito ba kifi ko ɗaya, wandonsa sharkaf, bayansa na ciwo. Da ya buɗe murfin magudanar baya, ruwa kimanin lita 12 ya zubo daga cikin kogon. Ya ɗauka haka kowane kayak yake yi.

## Gyaran da ya yi da kansa: sauran Disamba

Abu uku ya gani a matsayin matsala, ya kuma yi wa kowanne magani. Anga ba ta riƙe ba, sai ya samo dutse mai kilo 12 da igiya mita 10, ya ɗaura a hannun ɗaukar jirgi da ke gefen dama, daidai cinyarsa, don ya riƙa kai hannu cikin sauƙi. Wurin zama na jiƙewa, sai ya cusa tsumma ya toshe ramukan shida. Baya na ciwo, sai ya ɗora kujera 'yar tsugunno mai tsayin santimita 12 ya ɗaure ta a mazaunin. Ruwan da ya samu a cikin kogon bai bi ta kansa ba.

## Fita ta biyu: Asabar ta biyu a Janairu

Ya shiga ƙarfe 9:45. Ya sa rigar ceto amma bai ɗaure maɗaurin ƙugu ba, saboda yana takura masa a zaune. A mita 250 daga gaɓa, cikin ruwa mai zurfin mita 5, ya saki dutse, wannan karon ya riƙe. Da yake igiyar a gefe take ɗaure, jirgin ya juya ya ba iska haƙarƙarinsa. Wajen ƙarfe 11 iska ta ƙaru, raƙuman ruwa suka fara farin kai, suna dukan gefen dama suna zubowa cikin mazauni, ramukan da za su fitar da ruwan kuma a toshe suke.

Ya yanke shawarar tashi. Ya ja igiya, dutsen ya ƙi zuwa, ya maƙale a cikin rassan wani kututture. Ya sa hannu biyu, ya leƙa da kansa da kafaɗunsa waje, ya ja da ƙarfi. Gefen dama ya nutse, ruwan da ke cikin kogon ya gangaro ɓangaren gaba ɗaya, igiyar ruwa ta gaba ta ƙarasa aikin. Jirgin ya kife.

Rigar ceton ta hauro masa har kunne, sai da ya riƙa danne ta da hannu ɗaya. Filafilin, da ba a ɗaure ba, iska ta tafi da shi. Ya samu ya birkito jirgin, ya yi yunƙurin hawa sau huɗu, kowane karo yana jan gefe ƙasa da ƙafafunsa a miƙe cikin ruwa, jirgin na sake kifowa a kansa. A karo na uku ƙugiyar ɗaya daga cikin sandunan ta kama hannun rigarsa. Daga nan ya haƙura ya rungume jirgin. Ruwan Janairu ne, cikin minti goma haƙoransa sun fara kaɗawa, yatsunsa sun daina jin igiya.

Ya yi kusan minti 25 a haka kafin wasu masunta biyu da ke duba kallinsu, wato ragar kamun kifi da ake shimfiɗawa a ruwa, su hango shi. Suka yanke igiyar angar, suka jawo shi ta bayan kwale-kwalensu, suka ja kayak ɗin zuwa kwata. An yi asarar sanduna biyu, akwatin ƙugiyoyi, wayar hannu da filafili. Ruwan da aka zubar daga kogon ya kai lita 20.

## Binciken jirgin da liƙi: ƙarshen Janairu

Babban cikin masuntan, dattijo ne da ya tsufa a ruwan, shi ya fara cewa a bar zancen iska tukuna, a nemo inda jirgin ke shan ruwa. Aka ɗora shi a kan benci biyu, aka zuba bokiti ɗaya na ruwa a cikin kogon, aka jira. Ɗigo ya fito daga bangon ɗaya daga cikin ramukan tsiyaya na tsakiya: tsaga ce mai tsawon santimita 4, siririya kamar gashi, wadda ba ta buɗewa sosai sai mutum ya zauna nauyinsa ya danna. Wannan wuri ne da tsofaffin kayak suka saba tsagewa, musamman in an riƙa zura igiya ko ƙarfe a ramin ana ja, ko an bar jirgin ya daɗe a rana robar ta bushe.

Da farko ya shafa gam mai haɗi biyu, irin wanda ake cakuɗawa. Ya bushe da kyau, amma da aka danna wurin da gwiwa sai ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai. Robar kayak irin ta jarkar mai ce, gam ba ya kama ta. Narka ta ake yi. Aka kai wa mai liƙin robobi, ya huda ɗan rami mai milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya kankare bakinta, ya yanko siraran filaye daga tsohuwar jarka mai alamar lamba 2 a gindinta, ya narka su a ciki da zazzafan ƙarfe, ya nutsa 'yar ragar waya a tsakiya, ya sake rufewa. Lambar nan tana da muhimmanci, domin robar bokiti ko ta kujera sau da yawa wani iri ce, za ta narke amma ba za ta haɗe ba. Aka maimaita gwajin ruwa na awa ɗaya, babu ɗigo. Aka cire tsummokaran, aka sauke kujerar.

## Fita uku ba ƙugiya: Fabrairu

Dattijon ya shimfiɗa sharaɗi kafin ya yarda ya nuna masa wuraren kifi: sai ya fita sau uku ba sanda, ba koto, ba kula, kuma ɗansa na kusa a kwale-kwale.

Ranar farko ta tafi a tuƙi. Ya sayi filafili mai santimita 230, ya ɗaure shi da igiya mita 1.5 a jikin jirgin. Ya koyi tsoma bakin filafilin daidai yatsun ƙafa, ya fitar da shi daidai ƙugu, yana murza gangar jiki maimakon jan hannu, ƙafafu na tokare da matokara. Ya koyi tsayawa, ja da baya da juyawa. Aka sa shi ya girgiza jirgin da ƙugu da gangan, kansa a tsakiya, ya ga yadda yake karkata ya dawo. Sannan ya leƙa da kai waje, nan take ya ji bambancin. A ƙarshen ranar yana yin kilomita ɗaya cikin kusan minti 15 a ruwa kwance.

Rana ta biyu ita ce ta hawa bayan kifewa, kuma ita ce ta fi cin lokaci. An zaɓi wuri mai dutse da yashi, ba ciyawa, zurfin da ya ɗan fi tsayinsa, da tsakar rana. Rigar ceto a ɗaure tam, har in an kama kafaɗunta an ja sama ba ta wuce haɓa. Tsarin shi ne: in jirgin ya kife, mutum ya haye bayansa da ƙirji, ya kamo gefen can, ya koma da baya da nauyinsa, jirgin zai birkito. Sai ya tsaya daidai mazauni, ya kama hannun gefen can da hannu ɗaya, ya harba ƙafafunsa har su taso saman ruwa a bayansa kamar mai iyo. Nan ne kuskurensa na Janairu yake, domin in ƙafafu na ƙasa jirgin ake jawowa kai, in suna sama kuwa mutum ne ke zamewa kan jirgin. Da bugu ɗaya mai ƙarfi sai ya ja cikinsa har cibiyarsa ta kai tsakiyar mazauni, ya kwanta a haka ya numfasa, ya mirgina ya sa mazaunansa a kujera, ƙafafu su shigo daga ƙarshe. Ya faɗi sau uku, ya hau a na huɗu. Kafin a tashi ya hau sau biyar a jere, kowanne ƙasa da minti ɗaya.

Shiga ruwan madatsa na da nasa haɗarin. Tsargiya ta zama ruwan dare a madatsu da magudanan noman rani na Kano, ƙwayarta kuma daga ƙananan dodon koɗi da ke cikin ciyawar bakin ruwa take fitowa ta shiga ta fata. Zaɓen wuri mara ciyawa na rage haɗarin ne kawai. Shi ya sa bayan wata uku ya je aka yi masa gwajin fitsari, ba a samu komai ba. Wanda ke da halin yin wannan atisaye a wurin wanka na zamani, can ya fi.

Rana ta uku ta anga ce. Aka zagaya igiya mai kauri milimita 6 a gefen jirgin, daga hannun ɗauka na hanci zuwa na baya, ta cikin zobban ƙarfe biyu, aka haɗa bakinta da zobe na uku. Igiyar anga na bi ta cikin zobe na ukun, mutum na zaune zai ja zagayen ya kai ta hanci ko baya, jirgin ya fuskanci iska da tsininsa. Maimakon dutse, aka ɗura yashi kilo 3 a ƙaramin buhu, aka haɗa shi da igiyar da siririn zare wanda jan ƙarfi zai tsinka. In ya maƙale, buhun yashi kawai aka rasa. Igiyar ta zama mita 20, a saki aƙalla ninki uku na zurfin ruwa, wato mita 15 a zurfin mita 5, domin kwanciyar igiya ce ke sa anga ta riƙe. A ƙarshenta aka ɗaura galan fanko, ɗaurin da ke jikin jirgi kuma zarge ne mai kwancewa da ja ɗaya. In ruwa ya ɓaci, a kwance a tafi, a dawo wa galan daga baya.

## Fita da sanda ɗaya: Asabar ta farko a Maris

Ya gaishe da Sarkin Ruwa tun daren Juma'a, aka nuna masa inda aka shimfiɗa kalli da mamari don ya kauce. Mamari musamman abin tsoro ne ga mai kayak, igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa, wanda ya faɗa kanta da tufafi ba ya kuɓuta da sauƙi. Ya bar wa iyalinsa da ɗan dattijon lokacin da zai fito.

Ya shiga ƙarfe 6:20, bayan asuba, lokacin da iska ba ta farka ba. Kayansa: sanda ɗaya mai mita 2.1, zare mai kauri milimita 0.35, ƙugiyoyi goma da darma a 'yar roba mai murfi cikin aljihun riga, tana da hanjin kaza, filaya, 'yar koma mai gajeren hannu, buhu jiƙaƙƙe na zuba kifi, wuƙa da usur a ƙirjin rigar ceto, waya a leda mai zif rataye a wuya, ruwan sha lita 2, da buhun angar. Duka da shi kilo 91, kashi 61 cikin 100. Ya matse ƙayar kowace ƙugiya da filaya, don in ta shiga hannu ta fita ba tare da yanka ba. Ya tashi daga wata gaɓa dabam, ya nufi inda iska za ta fito, don in ta taso ta rako shi gida.

Ya kafa anga ta baya a zurfin mita 4, kusa da wani kututture. Kifin farko ragon ruwa ne mai kimanin kilo 1.5. Ya riƙe kan sandar yana kallon hancin jirgi, ya bar kifin ya ja jirgin ya gaji. Ya daina naɗe zare da ya rage tsawon sanda guda, ya zuro ƙafafunsa biyu cikin ruwa, ɗaya a kowane gefe, ya ɗaga sandar baya, kifin ya zo gefen gwiwarsa ya shiga koma, kansa bai bar tsakiya ba. A cikin komar ya cire ƙugiya da filaya, saboda ƙayoyin ragon ruwa da na kurungu na huda hannu da cinya a wuri mai ƙunci irin wannan. Ya ƙara tarwaɗa biyu da karfasa huɗu. Ƙarfe 9:30, da ya ga fuskar ruwa ta fara yamutsewa, ya naɗe ya fito. Kogon jirgin a bushe.

Daga Maris zuwa ƙarshen Afrilu ya fita sau shida, bai sake kifewa ba. Sau biyu ya iso ya tarar da farin kai a kan ruwa, ya yi fatsarsa daga gaɓa. Sau ɗaya buhun anga ya maƙale, zaren ya tsinke kamar yadda aka tsara. Kamunsa na tsakanin kilo 2 da 5 a fita. Da hadarin farko ya fara haɗuwa a watan Mayu ya wanke jirgin ya kife shi a inuwa, domin iskar gaban hadari na saukowa cikin 'yan mintuna, ta fi saurin mai filafili.

## Hukunci

Abin da ya kifar da shi a Janairu shi ne igiyar anga da aka ɗaure a gefe. Ita ta ba raƙuman ruwa haƙarƙarin jirgin, ita kuma ta sa ya leƙa waje yana ja. Tsagar ce ta biyu: lita 20 na ruwa mai gudu daga gefe zuwa gefe a cikin kogo ya fi kilo 20 na kaya ɗaurarru illa nesa ba kusa ba, kuma lita 12 ɗin da ya gani a Disamba gargaɗi ne bayyananne da ya wuce shi. Kujerar da toshe ramukan sun rage wa jirgin sauran juriyar da yake da ita. Duk gyare-gyarensa uku sun yi maganin abin da ya dame shi, kowanne kuma ya ƙara haɗari, garin neman gira aka kusa rasa ido. Dalili kuwa shi ne da idon mai fatsar gaɓa ya duba matsalar, alhali matsalar ta jirgi ce.

Shekara tara na fatsa sun amfane shi wajen koto da ɗaurin ƙugiya, amma sun sa ya ɗauka abu ɗaya ne sabo a gabansa, alhali biyu ne: tuƙin jirgi, da yin aiki da hannu biyu a kansa. Fita ukun da ya yi ba ƙugiya su suka raba masa su. Cikinsu kuma atisayen hawa ne ya fi daraja, ko da yake bai sake buƙatarsa ba, domin minti 25 ɗin da ya yi a ruwan sanyi da sun zama minti ɗaya. Ƙaruwar kamun Maris ba duka ta gyaran ba ce, kifi kan rage cin koto a tsananin sanyi ya dawo da zafi ya shigo.

Abu biyu sun rage da ba su kwanta ba. Liƙin yana wurin da ke lanƙwasa duk lokacin da aka zauna, don haka gwajin bokiti ya zama dole kafin fitar farko ta kowace shekara, kuma in ya sake buɗewa jirgin ya gama aikinsa a babban ruwa. Na biyun ya fi nauyi: cikin fita shidan nan, biyu ya yi su ba kwale-kwalen kowa a kusa. Masuntan da suka cece shi a Janairu duba kallinsu suka zo, ba don shi suka fito ba, kuma a ruwa mai faɗin Tiga usur da waya a leda ba za su maye gurbin jirgi na biyu da ke iya hango shi ba.